Hular Baba a Kan Tebur

Aikina tuƙin babbar mota ne. Ina ɗaukar kujeru da gadaje da kabad daga sito in kai wa masu shaguna, wani lokaci har gidajen masu hali a unguwar Irving Park, inda sai mun sa leda a takalmi kafin mu taka kafet. Mai irin wannan aiki ba shi da abokin hira sai rediyo. A 'yan makonnin nan kuwa, duk tashar da na murɗa magana ɗaya ake yi, wato filibasta. Na daɗe ina jin kalmar ban san inda ta dosa ba, domin karatuna bai wuce sakandare ba, ita ma da ƙyar na gama. A hankali na gane. A majalisar dattawan ƙasar nan, marasa rinjaye suna iya riƙe magana su hana a kaɗa mata ƙuri'a, sai in mutum sittin cikin ɗari sun yarda a rufe muhawara. To wasu daga cikin masu rinjaye suna cewa a soke wannan al'ada tun kafin zaɓe ya zo ya ƙwace kujerun daga hannunsu. Wasu kuma suna cewa ai don zaɓe na tafe ne ma ya kamata a bar ta, domin gobe su ne za su laɓe a bayanta.

Sai in kashe rediyon. Kafin in kai danja ta gaba na sake kunnawa. Ba majalisarsu ce ta dame ni ba. Ni ma na taɓa zama mai rinjaye, a ɗakin da kujerunsa ba su wuce talatin ba, kuma abin da na yi da rinjayen shi ne ya hana ni zama lafiya a kujerar motar nan.

Muna da ƙungiya ta masu jin Hausa a nan garin Greensboro, Musulmi da Kirista, 'yan Kano da 'yan Jos da 'yan Gombe, har da mutum biyu daga Maraɗi. Wanda ya kafa ta shi ne dattijon da kowa yake kira Baba. Kirista ne daga wajen Gombe, ya yi shekaru yana aikin gyare-gyare a wata makaranta har ya yi ritaya. Shi ya ɗauko ni daga filin jirgi ranar da na sauka, ban san kowa ba sai lambarsa da wani ya rubuta mini a bayan kati. Wata huɗu ina kwana a doguwar kujerar falonsa. Shi ya nuna mini masallaci, ya kai ni har ƙofa ranar Juma'a ya zauna a mota yana jirana. Shi ya koya mini cewa a nan ana tsayawa cak a alamar tsayawa ko da babu ko kare a titi. Na faɗi wannan ne don a san girman wanda na yi wa abin da na yi.

Muna taruwa ranar Lahadin farko ta kowane wata, bayan an taso daga coci, mu watse kafin magariba. Wurin taron ɗakin baya ne na shagon wani Alhaji a East Greensboro, mai sayar da garin rogo da manja da daddawa da busasshen kifi. Duk wanda ya je mitin, iyalinsa za su sani daga warin rigarsa.

Muna da wata al'ada da ban taɓa jin ta a wani wuri ba. An ce tun farkon kafa ƙungiyar, wata rana mutum biyu suka yi cacar baki har suka miƙe tsaye, sai Baba ya cire hularsa ya ajiye a kan tebur. Ganin dattijo da kai a buɗe ya sa kowa ya zauna. Ya ce yau ba za a yanke komai ba, a je a kwana da maganar. Daga nan abin ya zama doka, har aka rubuta a littafin ƙungiya: duk wanda ya ajiye hularsa a kan tebur, ba za a kaɗa ƙuri'a a kan wannan batu ba a ranar, sai dai in mutum biyu cikin kowane uku sun ɗaga hannu sun roƙe shi ya mayar da ita. Ba a taɓa ɗaga hannun ba. Wa zai dubi mutum mai furfura ya ce ya rufe kansa ya yi shiru?

Kada in yi ƙarya, hular ba kullum take kare gaskiya ba. Lokacin da mata suka nemi a ba su ƙuri'a kamar maza, fiye da shekara ana ajiye huluna, yau wannan gobe wancan. Ni ma na ajiye tawa sau ɗaya. Wadda ta ja ragamar matan wata nas ce da muke kira Anti, 'yar Kafanchan, mai kaifin baki. Na tuna ranar da ta ce, "To mu da ba mu da hula fa? Ko ɗankwali za mu tuɓe a gabanku?" Aka yi dariya, aka kuma sake ɗage maganar. Daga baya sun samu ƙuri'ar, amma Anti ba ta manta ba.

Shekarar da nake ba da labarinta ni ne sakatare, kuma a shekarar ce na sayi gida a wajen Summerfield. Gida ne mai fili gaba da baya, da ɗaki babba a ƙasa wanda zai ɗauki mutum arba'in. Daga taga ana hango dawakin maƙwabci. Mu kusan goma ne muka koma wannan ɓangaren a 'yan shekarun. Sai na kawo shawara a mayar da mitin gidana.

Dalilan da na bayar duk gaskiya ne. Ɗakin Alhaji ya yi mana kaɗan. Babu wurin fakin, har an taɓa jan motar wani. Yara ba su da wurin wasa, sai su zauna a kan buhunan shinkafa suna danna waya, ka yi musu Hausa su amsa da Turanci. Amma dalilin da ban faɗa ba shi ne ina so a ga gidan. Ina so waɗanda suka san ni ina kwana a kujerar falon wani su zo su cire takalmi a ƙofata. Wannan ne kawai.

Baba kuwa a lokacin idonsa ya yi rauni, an karɓe masa lasin tuƙi. Daga ɗakin da yake haya zuwa shagon Alhaji tafiyar minti goma ce a ƙafa. Summerfield babu bas da ke zuwa. Kowa ya san in mitin ya tashi daga shagon, ya tashi daga wurin Baba ke nan. Ni na fi kowa sani.

Watan farko da na kawo maganar, ya cire hular ya ajiye. Wata na biyu ma haka. Kuma ba ajiyewa kawai yake yi ya yi shiru ba, sai ya kama labari. Yadda ya zo ƙasar nan da akwati ɗaya. Shekarar da ƙanƙara ta karya wayoyin lantarki suka kwana su bakwai a ɗaki ɗaya. Wanda aka fara binnewa a nan da yadda aka rasa mai wanka. Yana yi yana shafa kansa, wanda babu gashi sai kaɗan a gefe.

"Baba," in ji Alhaji, "wannan labarin ai har kifin da ke shagona ya haddace shi."

"To ka bar ni in gaya wa garin rogo, shi sabon zuwa ne."

Aka yi dariya. Ni ban yi ba. Ina ta kaɗa ƙafa ina duban agogo.

Ga abin da ya sa nake gaggawa. Littafin sunaye yana hannuna. A dokarmu, sabon mamba ba ya ƙuri'a sai ya yi wata shida. A wannan shekarar ɗalibai da sababbin zuwa sun shigo da yawa, kusan duk suna zaune a kusa da jami'a, mafi yawansu ba su da mota. Na ƙirga na sake ƙirgawa. A lokacin mu sha biyar ne masu son tashi, su goma sha ɗaya. Rinjaye ne, amma bai kai biyu cikin uku ba. In aka kai ƙarshen shekara, lokacin zaɓen shugabanni, sababbin za su samu ƙuri'a, mu koma marasa rinjaye. Wata biyar ya rage mini. Na ce a raina, in ba yanzu ba, sai dai a lahira.

Sai dabara ta zo mini ina tuƙi a kan babbar hanya. Littafin ya ce hula tana tsayar da batun ƙungiya. Bai ce tana tsayar da gyaran dokar kanta ba. Ke nan da rinjaye kawai za a iya soke dokar hular, sannan a kaɗa ƙuri'ar tashi. Na ji daɗin kaina ƙwarai a ranar. Ni da ban yi jami'a ba na gano abin da masu digiri ba su gani ba.

Na gaya wa matata tana yanka kuɓewa. Ba ta ɗago ba.

"Baban biyu, yanzu kai da bakinka ka ce yaran nan za su fi ku yawa."

"Shi ya sa za mu yi yanzu."

"To in sun fi ku yawan, da me za ka tsayar da su?"

"In an riga an saba da nan, wa zai so komawa warin kifi?"

"Ni dai ban ce a zo mini gida ba. Ni ce zan yi wanke-wanke." Ta zuba kuɓewar a tukunya. "Kuma Baban nan shi ya yanka wa 'yan biyu ragon suna, ko ka manta? Shi da ba addininsa ba, ya je har gona ya zaɓo."

"Za a riƙa ɗauko shi mana. Za mu yi jeri, kowa da watansa."

"Uhm," ta ce. In ta ce haka ta gama magana.

Daga nan na shiga kiran waya. Duk inda na tsaya sauke kaya, ko na tsaya shan mai, sai in kira wani. Wasu suna son tashi amma suna tsoron taɓa hular. Na san in ba Anti ta shigo da matan ba, ba zan kai ba. Na kira ta tana hutun cin abinci a asibiti.

"Sakatare, wa ya mutu?"

"Babu wanda ya mutu, Anti."

"To wa ta haihu? Kai ba ka kira sai da gawa ko da suna."

Na yi mata bayani. Na ce dokar hula dokar maza ce, ta danne mata shekara da shekaru, lokaci ya yi da za a yi daidai, kowa da ƙuri'arsa ɗaya.

"Ikon Allah," ta ce. "Ba kai ne ka ajiye wata jar dara a gabana ba? Har yanzu ina ganinta, duk ta sha maiƙo."

"Kuskure ne, Anti. Mutum yana girma."

"Mutum yana girma, ko gida yana girma?" Ta yi dariya har na ji cokalinta ya faɗi. "Ka ji, ƙanena. Zan ɗaga hannu a soke ta, don ni tun da can ba na son ta. Ba don kai ba. Kuma ranar da ta juyo kanka kada ka kira ni."

Ita da gaskiyarta ta zo. Ni ne na ari gaskiyarta na rufe ƙaryata da ita.

Ranar mitin ana zafi, fankar Alhaji tana juyawa tana kaɗa warin daddawa. Baba ya zo da wuri kamar kullum, ya zauna a kujerarsa ta kusa da ƙofa, sanye da farar hularsa zanna da ta sha wanki. Na gaishe shi na durƙusa, ya ce, "Ɗana, ya hanya? Ya 'yan biyu?" Na amsa ban dubi idonsa ba.

Da aka zo kan ajanda, na miƙe na karanta ƙudurin soke dokar hula. Baba ya karkato kunne.

"Sake karantawa, ban ji ba."

Na sake.

Ya ɗaga hannu a hankali ya cire hular, ya miƙa ya ajiye a tsakiyar tebur. Ya ce, "To a kwana da wannan ma."

Na ce, "Baba, hula ba ta aiki a kan gyaran doka. Ga littafi."

"Ni na rubuta littafin."

"Amma ba ka rubuta hakan ba."

"Ban rubuta kada a yi fitsari a ɗakin nan ba, ka taɓa ganin wani ya yi?"

Wasu suka tuntsire da dariya, har da waɗanda suke tare da ni. Na ga ciyaman, wanda mutumina ne, ya fara duban ƙasa. Na san in hular ta ƙara minti biyu a kan teburin nan, babu wanda zai iya ɗaga hannu a gabanta. Kunya za ta kashe ƙudurin kamar yadda ta saba.

Sai na miƙa hannu na ɗauke ta.

Ban shirya yin haka ba, amma ba zan ce hannun ne ya yi da kansa ba. Ni na yi. Na ɗauki hular dattijo da hannuna, a gaban mutane, na zagayo teburin na miƙa masa. Tana da ɗumi, wannan na tuna. Bai karɓa ba. Ya bar hannayensa a kan sandarsa yana dubana da idanun nan da suka yi fari-fari. Na tsaya kamar gunki. Daga ƙarshe na ɗora masa ita a gwiwa na koma wurina.

Alhaji ya ce, "Subhanallahi," a hankali.

Aka kaɗa ƙuri'a. Sha huɗu da goma sha biyu. Mutum ɗaya daga cikin nawa ya sauya saboda abin da ya gani, amma dai na ci. Baba ya tashi, ya riƙe hular a hannu ɗaya, sanda a ɗaya, ya ratsa ta cikin shago ya fita cikin rana da kai a buɗe. Ta gilashin ƙofa na gan shi ya tsaya a bakin titi ya duba hagu da dama sau da yawa kafin ya tsallaka. Bayan fitarsa muka kaɗa ƙuri'ar tashi. Ita ko minti biyar ba ta ɗauka ba.

Sau uku aka yi mitin a gidana kafin zaɓe. An yaba gidan. An cire takalma a ƙofa, an leƙa taga an ga dawaki. Na jira in ji abin da na zaci zan ji, ban ji komai ba sai gajiya da jan kujeru. Jerin ɗauko Baba da na yi alkawari kuwa, wanda ke da watan farko ya ce an sa shi aiki a ranar. Na biyu ya manta. Wata na uku na je da kaina, na ƙwanƙwasa, ya buɗe ƙofa kaɗan ya ce mura yake yi, in gaishe da mutane. Na ji daɗi da ya ce haka. Wannan ma laifi ne da nake ƙirgawa. Na sauko daga benen da sauri kamar wanda aka sallama daga kotu.

Ranar zaɓe ɗaliban suka zo, mutum shida-shida a mota. Suka ci ciyaman, suka ci sakatare. Sabon ciyaman saurayi ne mai karatun digiri na uku, mai ladabi, ba ya magana da ni sai ya ce Kawu. A zama ɗaya, kafin shayi ya huce, suka yanke abu biyu. Na farko, Summerfield ta yi nisa, Alhaji kuma ya riga ya ba wani mai aski hayar ɗakinsa, saboda haka daga yanzu mitin ta waya za a riƙa yi, kowa daga ɗakinsa, ana ganin juna a allo. Na biyu, za a riƙa haɗawa da Turanci saboda yaran da aka haifa a nan.

Na miƙe na ce wannan babbar magana ce, a bari a yi tunani zuwa wata mai zuwa. Na ce akwai dattawa da ba su iya wayar ba.

"Gaskiya ne, Kawu," in ji shi. "Amma an riga an goyi bayan ƙudurin. Sai dai ka kaɗa ƙin yarda, za a rubuta."

Aka rubuta. A cikin gidana, a kan teburina.

Wata biyu bayan haka na kawo ƙudurin a dawo da dokar hula. Ta allo na karanta shi, ina zaune ni kaɗai a ɗakin nan mai ɗaukar mutum arba'in. Fuskar Anti ta fito a wani ɗan lungu na allon, da kayan aiki a jikinta.

"Ƙanena, yanzu da ka faɗi ne hula ta yi daɗi?"

"Na gane kuskurena ne, Anti."

"A'a, ƙirga ka sake yi. Kai dai ka iya lissafi."

Ba ta yi ƙarya ba. Har yau in na tambayi kaina ko dokar tana da kyau, ba na samun amsa ɗaya. Ta hana mata haƙƙinsu fiye da shekara. Ta kuma riƙe wa tsoho kujerarsa wata biyu. Abin da na sani shi ne ni ban taɓa auna ta da wannan ma'aunin ba. Da nake sama na ga ta tsare mini hanya, da na koma ƙasa na ga inuwa ce. Ƙudurin ya faɗi, mutum biyar ne kawai muka goyi baya.

Na yi watanni ina cewa gobe zan je wurin Baba. Ina bi ta layinsu da mota in rage gudu in wuce. Sau ɗaya har na yi fakin, na zauna, na sake tayarwa. Matata ce ta gaji da ni. Wata Lahadin farkon wata ta zuba tuwo da miyar kuka a kula ta ajiye a kujerar mota, ta ce in ban kai ba kada in dawo mata da kular.

Na same shi da rana yana zaune kusa da taga, rediyonsa na waƙoƙin coci a hankali. Ya gane muryata tun daga sallama. Falon yana nan yadda na san shi, sai dai ya yi mini ƙanƙanta. Na ajiye kular na zauna a ƙasa.

"Tashi ka hau kujera, ɗana. Gwiwarka ba ta yaro ba ce yanzu."

Ban tashi ba. Na ce na zo neman gafara. Na faɗa masa duka, har da ƙirgar da na yi, har da son a ga gidana. Na zaci faɗar za ta yi wuya, sai ta fito kamar amai.

Ya miƙa hannu ya rage muryar rediyon. Sannan ya ce, "Ai na sani. Da ka ce mini, Baba, ina so a zo a ga gidana, da ni zan fara zuwa. Da na sa an kai ni na yi maka addu'a a kowane ɗaki." Ya gyara zama. "Na yafe. Tun ranar na yafe, don ba na son in kwana da kai a ƙirjina, nauyi gare ka. Allah ya yafe mana duka. Me ta dafa?"

Na ce tuwo ne da kuka. Ya ce Allah ya yi mata albarka, ita ce mai hankalin gidan.

Da na ga fuskarsa ta saki, sai na ce yau ranar mitin ce, saura minti kaɗan a fara, ko zai shiga ta wayata? Na ce kowa zai yi murna. Ya ce to a gwada.

Na jingina wayar da kular a kan ƙaramin tebur na matso masa da ita. Fuskoki suka fito ƙanana-ƙanana, wasu ma baƙin allo ne da suna kawai. Ya sunkuyo har hancinsa ya kusa taɓa gilashin.

"Ba na ganin komai sai haske. Su wa suka zo?"

Na shiga karanta masa sunaye ɗaya bayan ɗaya. In na faɗi wanda ya sani sai ya ce, "A'a, yana nan?" Mutum ashirin da uku ne. Bakwai ya sani. Wata yarinya tana bayani da Turanci mai sauri a kan wasan yara da za a shirya. Ana cikin haka Baba ya gyara murya ya ce, "Jama'a, barkanku da yamma." Babu wanda ya amsa. Ya sake faɗa da ƙarfi. Na duba, ashe mai kula da taron ya rufe muryar kowa, sai wanda ya danna alamar ɗaga hannu aka ba shi dama. Na danna. Na ce masa mu ne na huɗu a layi.

Ya koma ya jingina. Muka jira. Na farko ya yi magana, na biyu ya yi tasa mai tsawo.

"Kashe abin nan," ya ce.

"Baba, saura mutum ɗaya."

"Kashe, ɗana. Ba fushi nake ba. Yaran suna aikinsu, kuma da alama sun iya. Gaisuwa ce kawai, ba ta kai a bi mata layi ba."

Na kashe. Ya sa na ɗauko masa kwano da ruwan wanke hannu. Ya ci tuwon sosai, ya tambayi 'yan biyu ajin da suke, ya tambayi ko har yanzu gwiwar hagu tana damuna in na daɗe a mota. Da zan tafi ya riƙe hannuna.

"Ka gaya wa mai littafin yanzu ya cire sunana. Kullum suna aiko mini da saƙo a waya, ba na iya karantawa, sai ta yi ta ƙara tana tashina daga barcin rana."

Na ce ya bari tukuna, za mu san yadda za a yi, ko sau ɗaya a shekara a haɗu ido da ido. Ya ce in an haɗu in zo in ba shi labari. Ya ce in yi masa wannan ɗaya kawai, tunda na ce gafara na zo nema.

Na sauko na zauna a mota da kular a cinyata. Na rubuta wa sabon sakatare saƙon, na goge, na sake rubutawa. Na ƙara da cewa wannan shi ne mutumin da ya kafa ƙungiyar, ko da bai sani ba. Na aika. Kafin in tayar da mota amsa ta shigo, hoton babban yatsa a ɗage.